Gurbin Dogo a Hoton Baba

Asabar, da hantsi

An tsayar da magana. Za mu yi wa Baba taro ranar da zai cika shekara tamanin, Asabar ɗin ƙarshen wata. Yaya ce ta kira ni tun ban sauke ruwan shayi ba. Ta ce, "Auta, ki ɗaura ɗamara. Ke ce kicin, ni ce baki." Na ce ai tun muna yara haka aka raba mana. Ta yi dariya har da tari.

A bakin titi za a kafa rumfa, gaban tsohon shagonsa na hoto. Duk unguwar nan da wuya ka shiga gidan da babu hoton da Baba ya ɗauka a bango: amare, jarirai, 'yan makaranta, masu neman aiki. Yaya ta ce duk wanda Baba ya taɓa ce wa "kar ka motsa" sai an gayyace shi. Na ce to sai dai a rufe titin.

Ina murna, wallahi ina murna. Har littafi na saya don in riƙa rubuta yadda ake ciki. Hannuna ba ya sauri, don da girmana na koyi rubutu, a kan teburin nan, babban ɗana Dogo yana riƙe da hannuna yana cewa, "Umma, biro ne fa, ba wuƙa ba, sassauta."

Dogo bai kwana a gida ba tun ranar Laraba. Shi da babansu ne. Abin da aka faɗa ranar ba zan rubuta shi ba. Wannan littafin na taro ne.

Lahadi, da yamma

Na kai wa Baba abinci. Tun rasuwar Inna shi kaɗai yake zaune a ɗakunan bayan shagon, ya ƙi komawa gidan kowa, don haka kullum ni nake kai masa kular abinci. Yanar ido ta rufe masa gani, inuwar mutum kawai yake gani. Ga hawan jini. Likita ya ja mana kunne cewa kar a gaya masa abin da zai tayar masa da hankali.

Na ba shi labarin taro. Ya ce kek da kyauta duk a bar wa yara. Abu ɗaya yake so.

"Auta, na tsufa a bayan kyamara. Duba bangon nan kaf, kin gan ni a ciki?"

Na duba. Gaskiya ne. Ga Inna, ga ni da Yaya da kitso ya ja mana ido, ga jikoki. Babu shi.

"To ranar ni ma zan zauna a gaba, da ku duka, babu wanda za a rasa. Da tsohuwar kyamarata za a ɗauka, mai baƙin ƙyallen nan. Abokina ne zai saita min."

Abokinsa shi ne Dogo. Tun bai kai tsawon tebur ba yake bin Baba cikin shagon, shi kaɗai ne cikin jikoki ya iya kyamarar.

Baba ya ce, "Wai ina yake ne?"

Na ce, "Ya yi tafiya, Baba. Wajen aiki."

Sai ya ce, "Aiki? To madalla." Da zan fita ya ce daga gobe in ƙara masa yawan abincin, kwanan nan cikinsa ya buɗe.

Ban taɓa yi wa Baba ƙarya ba sai yau.

Litinin, da safe

Wayar Dogo a kashe.

Talata, bayan azahar

Mun je wajen tela ni da Yaya. Farin yadi muka zaɓa wa Baba, mai ɗan sheƙi. Yaya ta ce wa tela, "Idan ka yi mana irin alkawarinku na teloli, a gaban jama'a zan kira sunanka da lasifika." Ya ce, "Hajiya, tsohon nan shi ya ɗauki hoton aurena, ko ba na barci zan gama." Ta ce, "Auren farko ko na yanzu?" Duk shagon aka kwashe da dariya.

A hanya na gaya mata maganar Dogo. Ta tsaya cak a tsakiyar titi, har mai babur ya zage ta, ta rama.

Ta ce, "Kar Baba ya ji. Kin ji ni? Idan jininsa ya hau, ni da ke ne, da wannan mijin naki mai zuciyar ƙarfe."

Na ce ba mai zuciyar ƙarfe ba ne. Ta ce, "To ta roba ce?"

Kujeru sun samu. Mai rumfa ya ce har da fanka zai kawo.

Laraba, da hantsi

Saƙo ya shigo daga lambar da ban sani ba. "Umma ina lafiya. Kar ki neme ni." Na kira, ba a ɗauka ba.

Na karanta, na sake karantawa. Na gode wa Allah da ban miƙa wa kowa wayar ya karanta min ba.

Da babansu ya dawo daga gareji na nuna masa. Ya kalla, ya wuce bakin famfo yana wanke baƙin mai a hannunsa, ya fi kullum daɗewa. Ya ce, "Na ce kar a sake kawo min maganarsa." Gilashin ƙofar falo da ya fashe ranar, shi da kansa ya sa sabo, bai kira kowa ba.

Juma'a, da yamma

Baba yana cin abinci kamar mai aikin gini! Kular da a da nake dawowa da rabinta, yanzu tas. Na gaya wa Yaya, ta ce ai murnar taro ce, ta ce in ƙara masa nama.

Yau na tarar an fito da kyamarar tsakiyar shago, a kan ƙafafunta uku. Katakonta sai ƙyalli yake, gilashinta babu ƙura ko kaɗan. Na ce, "Baba, wa ya goge maka?" Ya ce, "Hannuna bai makance ba." Na ɗauki tsintsiya zan share ɗakin duhu, inda yake wanke hotuna a da, sai na ji shi a kulle. Ya ce ɓera ne ya dame shi, ya zuba magani, kar in buɗe.

Asabar, azahar

Na je gidan abokan Dogo. Na je tasha. Babu wanda ya gan shi. Kowa sai ya tambaye ni taro, ni kuma in yi murmushi in ce a zo da wuri.

Litinin, da la'asar

Yau gidan nan ya cika da mata. Shawarar matar mai burodi ce: kowa ya ciro hoton da Baba ya ɗauke shi, a ɗaura igiya cikin rumfa a rataye. Sun zo da su a leda, a jaka, wata har da firam ɗinta. Mun sha dariya! Ga liman da gashi cike da kai. Ga nas ɗin asibitin unguwa tana kuka a cinyar uwarta, babu wando.

Matar mai burodi ta nuna mana na mijinta da wansa. Ta ce lokacin sun shekara ba sa gaisawa, uwarsu ta tilasta musu hoto. Baba ya kamo kafaɗar wannan, ya kamo ta wancan, ya haɗa su waje ɗaya. Ya shiga ƙyalle ya fito ya ce, "Da saura." Suka tsaya. Ya sake cewa, "Da saura." Ga rana, ga gumi. Har wan ya gaji ya ce wa ƙanen, "Kai, matso mana mu huta da tsohon nan." Ƙanen ya fashe da dariya, nan Baba ya danna.

Duk matan suka ce haka yake. Da hannunsa yake jera mutane, kuma ba ya dannawa sai ransa ya kwanta, ko da za a kwana a tsaye.

Na yi dariya tare da su. Da suka tafi na shiga ɗakin Dogo na gyara gadon da babu wanda ya ɓata.

Talata, da safe

Babansu ya bar ƙofar gida babu sakata. Tun ranar haka nake tarar da ita kullum. Na yi masa magana ya ce mantuwa ce. Mutumin da ko kusa ɗaya ba ya mantawa a cikin injin mota.

Laraba, da hantsi

Bari in rubuta a hankali.

Ina wanke kular Baba ta jiya, sai na ga albasa a gefe ɗaya. An tsince ta tsaf, an tara a lungu kamar wanda zai mayar wa mai ita.

Baba da albasa! Mutumin da yake yanka ɗanya a kan abinci. A duk zuri'armu mutum ɗaya ne yake tsince albasa, tun yana cin abinci a cinyata nake faɗa da shi a kai.

Na zauna a ƙasan kicin da kular a hannuna. Na yi kuka, na yi dariya, na sake kuka. Ɓera! Lallai ɓeran nan dogo ne.

Ba zan gaya wa kowa ba. Idan Yaya ta ji, unguwa ta ji. Idan babansu ya ji, ban san me zai yi ba. Idan kuma na buga ƙofar ɗakin duhun nan, ina tsoron ya fita ta baya ya tafi inda kulata ba ta zuwa.

Laraba, da yamma

Shinkafa da kaza na dafa, babu albasa ko yanki ɗaya. Na kankaro ƙanzon gindin tukunya na ɗora a sama, don shi yake so. A ƙasan jakar na sa riga da wando wankakku, da man shafawarsa.

Baba ya ɗanɗana ya ce, "Auta, albasa ta yi tsada ne a kasuwa?"

Na ce, "Likita ya hana, Baba."

"Wane likitan?"

"Wani ne. Ba ka san shi ba."

Ya yi murmushi a cikin gemunsa. Sai ya ce, "Ya labarin abokina? Ya wajen aikin nasa?"

Na juya wajen ƙofar ɗakin duhu na ɗaga murya. Na ce, "Lafiya lau. Na ji an ce ana ba shi abinci mai kyau a can. Sai dai uwarsa ba ta barci."

Baba ya ce, "Me ya sa kike ihu? Idona ne ya mutu, ba kunnena ba."

Bayan ƙofar wani ya ja hanci. Ko ɓera ne.

Juma'a, da hantsi

Jakar ta dawo da kayan datti a ciki. Ban taɓa murnar wanki irin ta yau ba. A bayan ɗaki na shanya su inda babansu ba ya bi.

An yi odar kek mai hawa biyu. Yaya ta ce a sa kyandir tamanin, mai kek ta ce sai dai a kira 'yan kwana-kwana su tsaya kusa.

Lahadi, da yamma

Babansu ya ce ranar taro yana da mota a hannu, zai leƙo ya gaida Baba ya koma. Na ce, "Baban Dogo, hoton fa?" Ya ce a ɗauka babu shi.

Na gaya wa Baba. Ya ce in kira masa shi a waya. Ina jin su.

"Surukina, an ce ba za ka tsaya ba?"

"A'a Baba, wai dama aiki ne..."

"Ranar da ka zo neman Auta, takalminka ɗaya a tsage, na ɗauke ka hoto daga gwiwa zuwa sama, ban gaya wa kowa ba. Ƙarya na yi?"

Na ji babansu ya yi dariya. Rabon da in ji ta har na manta. Ya ce, "Zan tsaya, Baba."

Talata, azahar

Rigar Baba ta fito! Ta yi masa kyau kamar ango. Ya shafa ta ya ce, "Inna ta yi asara, ba ta ga wannan ba." Ni da Yaya muka kalli juna, sai ya ce, "To ku yi min guɗa mana, ko ita ma tsada take?"

Alhamis, da yamma

Kular ta dawo da rabin abinci.

Ƙofar ɗakin duhu a buɗe. Na leƙa: tabarma a naɗe, babu kowa, babu takalmi. Na ce, "Baba, ɓeran fa?" Ya ce, "Ya fita." Na ce, "Zai dawo?" Ya ce, "Auta, ni ba a cikinsa nake ba."

Ko ihun da na yi ne ya kore shi? Ko ya ji an ce babansu zai tsaya?

Juma'a, da la'asar

Tukwane sun hau wuta, mata cike da tsakar gida, wannan na fige kaji, wannan na tsince shinkafa. An kafa rumfa, an rataye hotuna, yara sai tsalle suke a kan kujeru. Kowa ya ce fuskata sai annuri. Na yanke yatsana wajen yanka albasa, Yaya ta ɗaure min ta ce, "Ki tara hankalinki, gobe ne kawai."

Gobe ne kawai.

Lahadi, da hantsi

Sai yanzu na samu zama. Ƙafafuna sun kumbura, muryata ta dishe, amma sai na rubuta kafin wani abu ya zube min.

Jama'a! Jiya titin ya rufu da gaske, har masu mota suna juyawa. Tsofaffin abokan Baba, 'yan makarantar da yanzu sun yi furfura, liman, nas, tela da matarsa ta yanzu. Kowa ya tsaya gaban igiya yana neman kansa, yana ihu idan ya gani. Yaya ta riƙe lasifika ta ƙi saki. Baba yana tsakiya cikin farar rigarsa, duk wanda ya gaishe shi sai ya gane muryar, ya faɗa masa kayan da ya sa ranar da aka ɗauke shi.

Ni ina wajen tukwane, ina zuba abinci, idona yana bakin titi.

Da rana ta ɗan karkata Baba ya ce lokacin hoto ya yi. Aka zo aka ja ni, ko hannu ban gama gogewa ba. Na tarar an kafa kyamarar a ƙofar shago, har wani ya riga ya shiga ƙarƙashin baƙin ƙyallen, ya duƙa, ƙafafunsa kawai ake gani. Yaya ta ce min a kunne, "Baba ya samo wani yaro, an huta."

Na kalli wandon. Ni na wanke shi, ni na goge shi. Na dafa Yaya.

Baba ya tashi da sandarsa yana jera mu. Ya laluba kafaɗar kowa, ya matsar da wannan, ya ɗaga haɓar wancan. Ya ce wa Yaya, "Ke rufe baki na ɗan lokaci, ba zai kashe ki ba." Ya sa ni bayan kujerarsa. Ya kamo babansu ya tsayar da shi kusa da ni, sannan ya ture ɗan Yaya gefe, ya bar fili tsakaninsu, daidai tsayuwar mutum ɗaya. Ɗan Yaya ya matso zai cike, Baba ya kai masa sanda a ƙafa.

"Gurbin mutum ne. Bar shi."

Ya koma ya zauna. Aka miƙo masa doguwar igiyar da ake matsawa kyamara ta ɗauka. Ya ce, "Abokina, ka gama saitin?"

Daga cikin ƙyallen aka ce, "Na gama, Tsoho."

"To fito ka cike gurbinka. Na ce babu wanda za a rasa."

Ƙyallen ya ɗaga. Ya rame kaɗan, gashi ya taru masa. Yaya ta yi salati da lasifikar a hannunta, har ƙarshen titi aka ji. Dogo ya tako kansa a ƙasa, ya zo ya tsaya a filin, ya bar tazara tsakaninsa da babansu. Babansu ya ƙafe, idonsa a kan kyamara, jijiyar wuyansa ta tashi. Ina jin numfashinsa.

Baba ba ya ganinmu, bayansa muke. Amma ya ce, "Da saura."

Sai matar mai burodi ta ce daga cikin jama'a, "Yau za a kwana a tsaye!" Wasu suka yi dariya. Babansu bai yi ba.

"Da saura."

Jaririyar 'yar Yaya ta fara kuka. Gumi yana bin bayana. Na kalli hannun Baba a kan igiyar, na tuna maganar likita, na ce a raina idan babansu ya fice daga layi, na rasa ɗa, wataƙila in rasa uba. Ban san lokacin da na kama gefen rigar mijin nawa ba. Ban taɓa yin haka a gaban mutane ba.

Dogo ya ce a hankali, "Abba, ka yi haƙuri."

Babansu bai juya ba. Sai ya ce, "Ka tsaya daidai mana. Kullum a rankwafe kamar an ɗora maka buhu." Ya ɗaga hannu ya kama kafaɗarsa wai zai miƙar da shi, ya jawo shi kusa. Hannun bai sauka ba.

Na ce, "Baba." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Baba ya ce, "Kar ku motsa." Ya danna.

Ihun da aka yi! Guɗa, tafi, Yaya tana dukan Dogo a baya tana kuka tana cewa, "Ɗan banza, ɗan banza, ka ci abinci?" Kek ɗin ma ban ga lokacin da aka yanka shi ba.

Da jama'a suka ragu na tsuguna gaban Baba. Na ce, "Baba, ka ga ina neman zaucewa, ka yi shiru?" Ya ce yaron ne ya roƙe shi kar ya faɗa, shi ma da ƙyar ya sa shi ya turo min saƙon nan. Ranar Alhamis kuwa fim ɗin kyamara ya aike shi karɓowa wajen wani tsohon abokin sana'arsa a wani gari, ya ce shi kansa bai tabbata zai dawo ba.

"Kuma ke kika ce min yana wajen aiki. Ni ne zan ƙaryata 'yata?"

Na ce likita ne ya ce kar a tayar masa da hankali. Ya ce, "Abin da ya tayar min da hankali shi ne abinci babu albasa."

Litinin, da safe

Jiya Dogo ya wanke hoton. Baba ya fito kamar sarki. Ya sa an riƙe masa shi dab da ido, ya ce farin da yake gani a tsakiya shi ne? Aka ce shi ne. Ya ce a rataye kusa da na Inna.

Kowa yana kallon kyamara sai ni. Na juya gefe, fuskata ta ɗan gauraye. Yaya ta ce na ɓata hoton, a sake. Baba ya ce ba a sakewa.

Dogo da babansu ba su zauna a kan waccan maganar ba tukuna. Na san tana nan. Amma yanzu haka yana ɗakinsa yana barci, ƙafafunsa sun zarce gado.

Da na tashi buɗe ƙofar gida, na tarar da sakata a saka.